Bayolin Mai Lamba Bakwai

Ranar da makaɗan okestra suka zo makarantarmu a Deira, cikin Dubai, ina can layin ƙarshe da littafi a buɗe a kan cinyata. Farkon shekarar 2007 ne, ina da shekara goma sha uku. Ban ɗaga kai ba sai da wata doguwar mata mai furfura ta ɗora wani ɗan jan katako a kafaɗarta, ta danne shi da haɓa, ta ja siririyar sanda a kan tsirkiyoyinsa. Nan take na rasa layin da nake karantawa, ban kuma sake nemansa ba.

Sunan abin bayolin. Sunan matar Malama Ana, 'yar ƙasar Armeniya ce. Okestra kuwa babbar ƙungiyar makaɗa ce, mutum sittin ko fiye, kowa da nasa abin kiɗan, duk suna bin hannun mutum ɗaya. Su takwas ne kawai suka zo mana. Da suka gama, Malama Ana ta yi bayani da Turanci cewa ƙungiyarsu tana da shirin koya wa yaran unguwanni irin tamu kiɗa. Za su zaɓi yara goma sha biyu, su ba kowa aron bayolin ya tafi da shi gida. Darasi duk ranar Asabar. A ƙarshen watan Mayu yaran za su hau dandamali tare da okestra gaba ɗayanta, kowane yaro a gefen babban makaɗi. Wanda ya yi kiɗa a ranar, shi zai wuce shekara ta biyu.

Gwajin ba wuya. Ta tafa, ka maimaita. Ta rera, ka rera. Da aka kafe sunaye na ga nawa a na bakwai: Mahfuza Maharazu. A cikin bayolin ɗin da aka ba ni ma, in ka leƙa ta ramin jikinsa, akwai 'yar takarda mai lamba bakwai.

Abba ya sa hannu a takardar yarda yana tsaye a bakin ƙofa, waya ɗaya a kunne, ɗayar tana kuka a aljihu. Aikinsa kargo ne. 'Yan kasuwa su zo daga Kano ko Nijar su sayi kaya, shi ya tattara ya loda musu a kwantena ya tura gida. Ko layi ɗaya bai karanta ba. Umma ce ta tsaya a kan baƙin akwatin da na shigo da shi.

"Goge? A gidan nan?"

"Ba goge ba ne, Umma. Bayolin ne."

"Yana da tsirkiya? Goga shi ake yi? To goge ne, boko kawai ya yi."

Abba ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Wasila, makaranta ce ta bayar. Abin da makaranta ta bayar karatu ne. Khalas."

A darasin farko Malama Ana ta faɗa mana abu ɗaya har sau uku: zafi yana kashe bayolin. Kada a bar shi a mota, kada a bar shi a gindin taga, a nema masa ɗaki mai sanyi. Na je ɗakin karatu na makaranta na bincika dalili a wani littafi. Ashe babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Da wani irin gam ake haɗa shi, wanda ake dafawa daga fatar dabba, in ya ji zafi sai ya saki.

Fulat ɗinmu a Abu Hail ɗaki uku ne. Esin ɗakinmu, ni da ƙannena, ƙara yake yi ba sanyi ba, kuma Umma tana kashe shi da zarar mun fita. Ɗaki ɗaya ne esinsa ba ya hutawa, wato ɗakin kaya, inda baƙin Abba suke tara turare da cakulan da kayan shafa kafin a kwashe. An raba ƙasan ɗakin da layukan salatif, kowane baƙo da filinsa. Dokar ɗakin ɗaya ce, na san ta tun ina 'yar shekara shida: duk abin da ke cikin layin mutum nasa ne. Masu ɗaurin kaya layi suke bi. Ba sa tambaya, ba sa buɗe komai, don buɗe kayan mutum cin amana ne.

Akwai wani ɗan lungu a bayan ƙofa da ba ya cikin layin kowa. Nan na ba bayolin ɗina. Nan kuma nake gwaji bayan la'asar, a tsaye tsakanin kwalaye, har gashin sandar ya ɗauki ƙamshin turaren wuta. Da farko kamar ana yanka kyanwa. Umma takan buga bango da ludayi. Zuwa watan Afrilu ta daina bugawa. Na fi kowa a ajinmu saurin karanta alamomin kiɗa, watakila don sun yi kama da rubutu. Malama Ana ta ce ranar dandamali a gefenta zan zauna.

A farkon Mayu Hajiya Hannatou ta sauka a gidanmu. 'Yar kasuwa ce daga Maraɗi, mai jiki, mai dariya da ƙarfi, ba ta cika magana ba ta sa Faransanci ba. Kwana biyar tana zaga kasuwannin Naif da Al Ras. Abayoyi, takalma, filas-filas na shayi, akwatunan kofuna. Kayanta suka cika filinta suka tumbatsa, har Abba ya ɓare salatif ɗin ya ja mata layi zuwa bango. Ranar Laraba da na gama gwaji na juya, sai na ga lunguna ya cika da ɗaurin abayoyi. Babu ƙasa ko taki ɗaya. Na ɗora akwatin a saman abayoyin, don suna da laushi. Na ce kwana ɗaya ne kawai, gobe zan nemi wani wuri.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta na buɗe ɗakin. An share shi tas. Esi yana ta hura sanyi a kan tayil da ba komai sai guntayen salatif.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ya fi mini wuyar faɗa. Ban yi komai ba. Na duba ƙarƙashin gado. Na duba saman kabad, na duba bayan labule, har banɗaki na leƙa, alhali na san inda na ajiye shi. Na ce watakila Umma ta ɗauke. Na je kicin na tsaya a bayanta, ta ce in ba aiki zan taya ta ba in matsa mata, na matsa. Da Abba ya dawo yana ta faɗa a waya kan wasu takardu. Na tsaya a gabansa har ya kalle ni ya ɗaga gira, sai na ce sannu da zuwa. Ranar Juma'a gidan ya cika da baƙi bayan masallaci, ana cin shinkafa ana hira. Sau biyu na buɗe baki. Na tuna yadda Umma ta ce "goge", na tuna dokar layi da kowa ya san na sani, na haɗiye.

Sai safiyar Asabar, da Abba ya ɗauki mukullin mota ya ce, "Yalla, Mamana, ɗauko gogenki mu tafi," sannan na fashe da kuka.

Ba makaranta muka nufa ba, ofishinsa muka wuce a Port Saeed, kusa da inda jiragen katako suke lodi a bakin ruwa. Hajiya Hannatou ta biyo mu don jirginta sai dare. Abba bai yi mini faɗa a hanya ba. Tambaya ɗaya ya yi, yaushe na gane ya ɓace. Na ce Alhamis. Ya kalle ni ta madubi, ya mai da idonsa kan titi.

Baba Ɗantani muka samu a ofis yana shan shayi. Shi ne shugaban masu ɗaurin kaya, dattijo ɗan Kurna mai maka, alƙalamin rubutu a kwali, a bayan kunne kullum. Shekara goma sha biyar yana wannan aikin, yana alfahari ba a taɓa cewa kofi ɗaya ya fashe a hannunsa ba.

"Baƙin akwati mai dogon wuya, kamar duma?" Ya aje kofinsa yana murmushi. "Na gan shi mana. Ni da kaina na ɗaure shi. Na ce wannan ko kofunan gilashi ne masu tsada. Na sa shi tsakiyar abayoyi, na naɗe da bargo, na bi da salatif zagaye bakwai. Alhaji, ko daga bene aka jeho shi ba abin da zai same shi."

"Na yarinyar nan ne, Ɗantani. Na makaranta."

Murmushin ya tafi. "A layin Hajiya na same shi."

"Na sani."

"Wallahi a cikin layi yake, 'yar Alhaji. A samansa ma."

"Na sani, Baba," na ce.

Hajiya Hannatou ta dafe ƙirji. "Mon Dieu! Goge cikin kayana? Mi za ni yi da goge Maraɗi? A buɗe a duwan, gaban 'yan kwastan, a ce Hajiya ta tahi Dubai ta koma 'yar bori?" Ta kwashe da dariya, sai ta ga fuskata ta tsaya. "Ayya, ɗiyata. Alhaji, a hiddo mata abinta mana. Ni na yarda a kwance kayan."

Baba Ɗantani ya sosa kai. "Da ranar Alhamis ne, ai kwantenan yana fili, ƙofa a buɗe. Jiya ma har azahar yana nan. Minti goma ya ishe ni, na san inda na sa shi. Bayan la'asar aka rufe aka buga masa sil, mota ta ja shi tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali."

Sil ɗan kwaɗon ƙarfe ne mai lamba. In an buga shi, lambar ta shiga takardu, ba mai taɓa ƙofar sai a tashar da za a sauke. Duk da haka Abba ya gwada. Ya kira mutum huɗu, da Hausa, da Larabci, da Turanci, da ɗan Urdun da ya iya. Ina zaune a kan wani kwali ina jin "habibi" da "please" da "mafi mushkila" suna ta fita, muryarsa tana raguwa daga waya zuwa waya. Na huɗun ya ce kwantenan ya riga ya hau jirgi. Kwatano zai sauka, daga nan mota ta ɗauke shi zuwa Maraɗi. Kwana arba'in in an yi sa'a, in ba a yi ba wata biyu.

Saura sati uku a hau dandamali.

"To mene ne?" in ji Abba, yana tafa cinya. "Babu abin da babu a Deira. Ɗantani, tashi."

Da yamma suka dawo da kwali mai rubutun Sinanci. Bayolin ne, ja wur, yana ƙyalli kamar sabuwar mota. Baba Ɗantani ya ce shago goma sha ɗaya suka shiga, a wajen wani mai sayar da kayan wasan yara da agogon bango suka same shi, har ya so sai sun ɗauki dozin. Ya fi hannuna tsawo. In na murɗa kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya da su, sai su warware da kansu a hankali. Su biyun suna tsaye suna kallona suna jira in yi murna.

Asabar ta gaba na kai wa Malama Ana shi, na faɗa mata komai ina kallon takalmina. Ban ɓoye kwana biyun ba. Ta ɗauki jan bayolin ɗin ta murɗa, ta saurara, ta sake murɗawa. Tsirkiya ɗaya ta tsinke ta dake ta a yatsa. Ta aje shi a hankali a kan tebur.

"Wannan na ratayewa a bango ne, Mahfuza. Ka ɗaure shi yanzu, kafin ka zauna ya kwance."

"Babu wani a wajenku?"

"Goma sha biyu aka ba mu kyauta, goma sha biyu muka raba." Ta ce ta san shagon da ke kawo na gaske, amma ƙarami daidai hannuna sai an yi oda daga waje, sati shida. Sannan ta tambaya, a hankali, "Kwantenan na ƙarfe ne? A saman jirgi?"

Na ce e. Ni ma na san abin da littafin ya ce.

Akwai wata mata daga ofishin okestra mai zuwa da fayil. Ta buɗe takardar da Abba ya sa wa hannu ta nuna mini layi biyu. Na ɗaya, ba a fita da abin kiɗa daga ƙasar. Na biyu, yaron da ya ɓatar da nasa ya fita daga shirin. Ba ta yi mini tsawa ba, har ta ba ni tishu. Na ji Malama Ana tana gardama da ita a baranda, muryarta tana hawa tana sauka. Da ta dawo fuskarta ta yi ja.

"Ban iya samo miki bayolin ba," ta ce. "Kujerarki kawai na samo. Za ki zauna a gefena ki riƙa juya mini shafi. Kin fi duk sauran karatu."

Sati biyun nan ban daina zuwa ba. Ina zama a baya da rula a kafaɗa da fensir a hannun dama, ina bin su. Wata 'yar ajinmu 'yar Sudan takan ara mini nata minti biyar in an tashi, kafin babanta ya yi hon. A gida kuwa ɗakin kaya ya sake cika da kayan wani Alhaji daga Kano. Nakan shiga in tsaya a cikin sanyin. A bangon ofishin Abba akwai taswira, na roƙa ya kawo mini. Kullum bayan makaranta nakan ɗora yatsa a kan teku in yi kintacen inda jirgin yake, in tuna rana tana dukan ƙarfen tun safe, da bargon, da salatif zagaye bakwai.

Umma ta same ni a haka wata rana. "Watakila Allah ne ya raba ki da shi," ta ce. Ta tsaya kaɗan. "Baƙar rigar da suka ce a sa, kawo in goge miki. Kada ki hau gaban mutane a yamutse."

Zauren da aka yi kiɗan yana ƙetaren ruwa, ban taɓa shiga wuri mai kujeru da yawa haka ba. Yara goma sha ɗaya suka fito da bayolin a hannu, ni na fito a bayansu ban san inda zan sa hannuwana ba. Na zauna a gefen Malama Ana. Da mai jagoran ya ɗaga hannu, kiɗan ya taso ta ko'ina, ta ƙarƙashin kujerata, ta bayana, har cikin haƙorana. Na san kowane layi. Da aka zo wurin da yara suke shiga, yatsun hannuna na hagu suka fara tafiya a kan cinyata da kansu, na danne su da na dama. Shafi shida na juya. Ban makara ko sau ɗaya ba. A na ƙarshe Malama Ana ta ɗan gyaɗa mini kai ba tare da ta kalle ni ba.

Da aka tashi ana tafi, yaran suka ɗaga bayolin ɗinsu sama kamar yadda aka koya mana. Ni na miƙe kawai.

A waje Abba yana kunna wayoyinsa, waɗanda ya kashe duka biyun, abin da ban taɓa gani ba. Baba Ɗantani ma ya zo, da babbar riga, ba maka a kunne.

"'Yar Alhaji, ni dai ke na kalla," ya ce. "In ba ki juya takardar nan ba, ai tsohuwar tsayawa za ta yi. Ko ba haka ba, Alhaji?"

"Haka ne," in ji Abba.

Bayan sati ɗaya aka kafe sunayen 'yan shekara ta biyu. Goma sha ɗaya ne. Daga shida aka tsallaka zuwa takwas.

A tsakiyar watan Yuli, muna cin abincin rana, wayar Abba ta yi ƙara. Ya saurara, ya miƙo mini. "Hajiya Hannatou ce, ke take nema."

"Ɗiyata! Kaya sun iso. Na hiddo gogenki, ga shi gabana." Layin yana shashshaka, ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta.

"Yaya yake, Hajiya?"

"To. Wuyan ya ɗan rabu da jikin, shwaiya dai, yatsana na shiga. Bayan ma ya buɗe baki gefe guda. Igiya ukku sun kwanta. Amma ɗaya tana nan tsaye, wallahi! Attends, saurara."

Na ji ta aje wayar kusa da shi. Sai wani ɗan sauti ya zo, tun daga Maraɗi, ƙasa-ƙasa, kamar an taɓa bakin kofi. Na gane ta. Tsirkiya ta biyu ce daga mai kauri, wadda muka fara koyo da ita. Ta sauka ƙasa da inda ya kamata sosai.

"Kin jiya? Da ransa. In na samu biza bayan Salla ni kawo miki shi da hannuna. In ɗaure igiyar ta ƙara ƙarhi?"

"A'a, Hajiya, kada ki murɗa, sassauta za ki yi, in kin ja wuyan zai ƙarasa..."

"Allô? Mi kika ce? In murɗa?"

"Kada ki murɗa!"

"Allô? Ɗiyata?"

Layin ya katse. Abba ya karɓa ya kira sau uku, bai shiga ba. Umma ta tura mini faranti ta ce in ci kafin ya huce. Na riƙe cokalin ina kallon wayar a kan tabarma, ina jira ta sake yin ƙara.